Da wane zarto za ka yanka bakin ma'aji a kayak ɗin filawud?

Kayak ƙaramin kwalekwale ne siriri mai rufaffen sama. Mutum ɗaya ke zama a wani rami da ke tsakiyarsa, yana tuƙi da filafili mai baki biyu. Asalinsa na mutanen Inuwit ne na Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, waɗanda ke ɗinka fatar dabbar teku a kan ƙarangamar itace su shiga farauta da shi. A yau masu sha'awa a Amurka da Ingila da sauran wurare suna haɗa shi a garejin gida da filawud: a yanka falle-falle, a ɗinke su da wayar jan ƙarfe, a cike gaɓoɓin da gam ɗin ifoksi, sannan a lulluɓe jikin da ƙyallen faiba, wato ƙyallen zaren gilas. Wani malamin koyar da aikin katako a Ingila, Ken Littledyke, shi ya fito da wannan hanya a ƙarshen shekarun 1950, daga baya kamfanoni irin su Chesapeake Light Craft na garin Annapolis da Pygmy Boats na Port Townsend suka yaɗa ta ta hanyar sayar da yankakken katako da zanen aiki.

Kwalekwalen da muka saba gani a Yawuri ko tafkin Chadi a buɗe yake, kayanka ka jefa ciki kawai. Kayak kuwa ana sa masa katanga biyu a ciki, ɗaya gaban ƙafafun matuƙi, ɗaya bayan kujerarsa. Sai goshi da wutsiya su zama ɗakuna biyu rufaffu masu riƙe iska, su ne ke hana shi nitsewa idan ya kife. Waɗannan ɗakuna su ne ma'aji, kuma dole a buɗe musu baki ta sama, don a sa kaya, don kuma iska ta shiga ta busar da ciki. Wato bayan ka shafe watanni kana gyara rufin ya yi sumul, sai ka ɗauko zarto ka huda shi. Yanka ɗaya ne, ba a maimaita shi.

Kafin zarto, murfi

Mutane kan fara da tambayar wace na'ura ce ta fi kyau. Tambayar da ta riga ta ita ce: guntun da zai fito daga ramin, yarwa za ka yi ko shi ne zai zama murfi? Amsar wannan ita ke zaɓar maka kayan aiki.

Murfi iri uku ne. Akwai na roba ko na filastik da ake saya a haɗe, irin na kamfanin Valley na Ingila ko Kajak Sport na Finlan. Shi yana zuwa da zobensa, zoben kuma yana da leɓe mai faɗi da ke rufe bakin yankan gaba ɗaya. Akwai murfi mai hawa sama, wanda ake yankawa daga wani filawud dabam, ya fi ramin girma, ya zauna a kansa a ɗaure shi da ɗamara. A waɗannan biyun guntun da ka yanke ba shi da aiki. Kana iya huda ƙaton rami da diril a cikinsa, ka zura zarto, ka yanka nesa da layi kaɗan, ka ƙarasa da magagari da samfefa. Kusan kowane zarto zai yi. Abu ɗaya da za ka kula da shi a murfin saye shi ne zobensa shimfiɗaɗɗe ne, rufin kayak kuwa a lanƙwashe yake, don haka sai ka gina masa wurin zama a miƙe, kuma kada ka yanka komai sai zoben yana hannunka ka auna shi da kanka.

Na uku shi ne murfi mai daidai da rufi. Guntun da ka yanke shi za ka mayar wurinsa, ya zauna a kan leɓen da ka manna daga ciki, zanen katakon ya ci gaba ba tare da ya katse ba, ruwa ya wuce ta kansa babu abin da zai buga ya fantsamo maka a fuska. Shi ne mafi kyaun gani, kuma shi ne mai wahalar yanka, domin gefen layi biyu duka naka ne. Babu ɓangaren shara. Duk abin da zarto ya ci, ya tafi ke nan, kuma zai tsaya a matsayin tazara tsakanin murfi da rufi muddin jirgin na nan. Yawancin abin da ke ƙasa a kan wannan murfin ne.

Abin da zarton zai ratsa

Rufin kayak yawanci filawud ne na okume mai kaurin milimita 4, wani lokaci 3. Okume itace ne mai sauƙin nauyi da ake sarowa galibi daga dazukan Gabon, kuma wanda ake yi don jirgin ruwa yana bin ma'aunin Birtaniya mai lamba BS 1088: gam da ba ya sakewa a ruwa, ba kuma rami a ɓawon tsakiya. Mai milimita 4 ɓawo uku ne, kowanne bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba. Itacen da kansa laushi gare shi, wuƙa ma tana cinsa. Filawud ɗin kasuwa da ake yin durowa da silin da shi ba na wannan aiki ba ne. Idan kana shakkar wanda ke hannunka, tafasa ɗan guntu a ruwa na tsawon awanni ka gani ko ɓawon zai rabu.

Wahalar tana cikin abin da ke kan itacen. Faiba zaren gilas ne, yana dakusar da haƙoran zarto cikin ɗan lokaci. Ifoksi kuma yana yin laushi idan ya ji zafi, tun daga wajen digiri 50 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas, zafin da gogar zarto mai gudu ke kaiwa nan da nan. Sai ya danƙare a tsakanin haƙora, zarton ya daina yanka ya koma ƙona. Amma faiba na da amfani ɗaya a nan: yana riƙe ɓawon sama, ba ya barinsa ya tsattsage. Saboda haka a yanka bakin ma'aji bayan an lulluɓe rufi da faiba, ciki da waje idan zanen jirgin ya ba da dama, kuma kafin a shafa fanish na ƙarshe. Ka bar ifoksin ya yi kamar mako guda ya bushe sosai. Ƙurar wanda bai gama bushewa ba ita ta fi sa wa fata ƙaiƙayi da borin jini, kuma wanda jikinsa ya fara ƙin ifoksi da wuya ya daina.

Kayan yankan, ɗaya bayan ɗaya

Abu uku ake dubawa a kowane zarto: yawan abin da yake ci, wato faɗin tsagar da yake bari, ko yana iya shan kwana, da kuma irin ɓarnar da zai yi a cikin daƙiƙa ɗaya idan hannu ya goce.

Jigso, wato zarton lantarki na hannu mai ɗan siririn baki da ke sara sama da ƙasa, shi mutane suka fi ɗauka, don kusan kowane kafinta yana da shi. Yana iya aikin, da sharuɗɗa. Bakin da za ka sa ya zama siriri mai ƙananan haƙora, kamar 20 a kowane inci. Dalilin lissafi ne mai sauƙi: ana so aƙalla haƙora uku su kasance cikin katako a kowane lokaci, haƙora 20 a inci kuwa na nufin tazarar milimita 1.27 tsakaninsu, ukunsu sun shiga cikin milimita 4 ke nan. Bakin kamfanin Bosch mai lamba T101AO irin wannan ne, an yi shi don lanƙwasa. Bakin yankan ƙarfe ma yana yi, ya fi ma jure faiba, sai dai ya fi faɗi, ba ya son matsattsiyar kwana. Akwai baki mai juyayyun haƙora da ke yanka a lokacin sauka don kada saman katako ya tsage. A kan rufin da aka riga aka sa wa faiba ban ga amfaninsa ba, yana ma tura na'urar sama ta riƙa tsalle a kan siririn katako. Idan jigso ɗinka yana da maɓallin da ke sa baki ya riƙa turawa gaba yana sara, kashe shi, ka mayar da shi sifiri. Ka rage gudu zuwa matsakaici.

Matsalar jigso biyu ce. Tafinsa shimfiɗaɗɗe ne, rufin kuma ƙobararre, sai ya riƙa tangaɗi, yankan ya karkata nan ya miƙe can. Ta biyu, yana cin milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ko da hannu bai goce ba, idan kuwa ya goce, kafin ka saki maɓalli ya shiga murfi da rabin inci. Ga murfin saye da murfi mai hawa sama, ɗauki jigso ka huta. Ga murfi mai daidai da rufi, sai wanda hannunsa ya saba da shi sosai.

Zarton hannu siriri mai yanka a lokacin ja, irin na Japan, shi nake ba wa mai yin jirginsa na farko shawara ya nema. Zarton da muka saba da shi yana yanka ne idan an tura, don haka dole ƙarfensa ya yi kauri kada ya lanƙwashe. Na Japan yana yanka idan an jawo, ƙarfen a miƙe yake saboda ja, shi ya sa ake iya yinsa siriri ƙwarai. Amma ba kowane zarton Japan ba. Mai faɗin jiki na yankan miƙe ne, ba zai sha kwana ba. Wanda kake so shi ne ɗan ƙarami mai tsinin baki, siririn jiki, irin wanda ake huda ramin makulli da shi ko wanda masu renon ƙananan bishiyoyin bonsai ke datse rassa da shi. Masu haɗa kayak a Amurka sun daɗe da gano wannan na bonsai ɗin. Cinsa bai kai milimita ɗaya ba, idan ya fara barin layi kana gani tun a ja na farko, ka gyara a na biyu. Ba ruwansa da ɗauke wuta ko kuɗin man janareta. Aibinsa shi ne jinkiri, sai kuma saurin lanƙwashewa idan ka danna shi lokacin turawa.

Idan ba ka samu wannan ba, bakin zarton ƙarfe da ake sayarwa a kowane shagon kayan gini zai tsaya a madadinsa. Sayi mai haƙora 24 ko 32 a inci. Karya shi biyu, ka naɗe gefe ɗaya da salatif ko tsumma ya zama mariƙi, ka riƙe shi yadda haƙoran za su kalli hannunka don ya yanka a ja. Faɗinsa wajen milimita 12 ne, ya yi yawa ga kwana, don haka ka kai wa mai walda ko mai wasa wuƙa ya zaftare bayansa a kan dutsen wasa har ƙarshen ya koma milimita 4 ko 5. A riƙa tsoma shi a ruwa lokacin wasawa kada zafi ya kashe ƙarfen. Wannan ɗan abin da bai kai kuɗin faranti ɗaya na shinkafa ba ya fi na'urori da yawa masu tsada a wannan aiki, kuma faiba ba ta cinye haƙoransa da wuri.

Akwai na'ura mai karkarwa, wadda bakinta ba ya juyawa, rawa kawai yake yi hagu da dama har sau dubu 20 a minti. Kamfanin Fein na Jamus ne ya fito da ita, asalinta ma daga zarton da likitoci ke cire filastar karaya da shi. Tana nutsawa kai tsaye cikin katako ba sai an huda rami ba, kuma tsagarta siririya ce. Don buɗe mafarin yanka a miƙaƙƙen layi tana da kyau ƙwarai. A kwana ba ta da amfani: bakinta miƙe ne, sai ta bar maka gefe mai kusurwa-kusurwa. Tana kuma zafi da sauri, ka riƙa ɗagawa.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Ƙaramar na'ura mai juyawa irin Dremel, idan aka sa mata ɗan faifan yanka, tana buɗe mafarin tsaga. Idan aka sa mata baki mai murɗe don ta bi layi, juyawarta na jan ta gefe, kuma tana cin milimita 3. Rauta, wato na'urar kafintoci mai baki mai juyawa da ke fiƙe gefen katako, tana ba da gefe mafi tsabta idan akwai fatan, wato samfurin siffar ramin, da za ta bi, amma ita ma milimita 3 take ci, sai an kuma yi mata fatan da zai kwanta a lanƙwashen rufi. Ga zagayayyen ramin murfin saye ta dace. Wuƙar yankan kwali mai sauya baki tana da wurinta wajen tsaga layi da ƙarasa 'yan gaɓoɓi, amma ratsa faiba da katako da ita kaɗai na buƙatar dannawa da ƙarfi, dannawa da ƙarfi kuwa ita ke kawo zamewa. Garanda kuma, ko kusa kada ta zo.

Bayan zarto, ka tanadi diril da baki mai milimita 1.5, salatif na takarda mai faɗi, kwali mai tauri, fensir mai tsini, magagari siriri, samfefa mai lamba 80 da 120 da 220, tabarau, da takunkumi mai tace ƙura. Ƙurar faiba gilas ce, ba a shaƙarta.

Zana layi

Fara da sanin abin da ke ƙarƙashin rufin. Auna daga bakin ramin zama zuwa katangar ciki, ka mayar da awon a sama, ka yi alama. Haka za ka yi wa duk wani katakon da ke tallafe rufi, da wanda ke bin gefen jirgi inda rufi ya haɗu da jiki. Bakin ma'aji ya nisanci kowannensu da aƙalla santimita 5, domin leɓen da za ka manna daga ciki yana buƙatar wurin kamawa. Idan da jigso za ka yi, auna tsawon bakin a lokacin da ya sauka ƙasa gaba ɗaya, ka tabbata ba zai soki gefen jirgin ba. A wajen goshi inda jirgin ya tsuke, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Girman bakin ma'aji kuma kayan da za ka sa ne ke faɗa. Ɗauko mafi girman abin da za ka ɗauka, tukunya ce ko tanti, ka gwada shi a ramin da ka yanka a kwali. Ka tuna leɓe zai cinye kamar santimita 2 a kowane gefe, wato ramin da hannu zai shiga ya fi murfin ƙanƙanta da santimita 4. Kada kuma ka zarce. Rufi yana cikin abin da ke riƙe ƙarfin jirgi.

Yi fatan da kwali. Ninka shi biyu ka yanka rabin siffar, idan ka buɗe hagu da dama za su zo daidai. Kada ka bar kusurwa mai kaifi ko ɗaya. Kowace kwana ta zama lanƙwasa mai faɗi, kamar ka ɗora gwangwani mai faɗin santimita 10 ka zagaye gefensa. Zarto ya fi bin irin wannan, robar toshe ruwa ta fi kwanciya a kanta, kuma tsagewa ba ta samun inda za ta faro.

Manna salatif a duk inda layi zai bi, da inda tafin jigso zai taka. Ja zare daga tsinin goshi zuwa tsinin wutsiya don ka sami tsakiya, ka daidaita ninkin fatan a kai, ka zana. Sannan ka ja da baya ka duba daga gaba da daga baya, domin ido yana kama karkatar da awo bai kama ba. Kafin ka taɓa zarto, yi ɗan gajeren layi biyu ko uku da suka ratsa layin yanka, ka rubuta "gaba" a kan murfin. Murfi mai kama da ƙwai yana yaudarar mutum idan ya fito.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a yi tunaninsa tun yanzu. Idan rufin falle ɗaya ne da aka tanƙwara da ƙarfi, guntun da ka yanke zai so ya miƙe ya koma yadda yake a da, sai murfi ya ƙi zama daidai da rufi. Faiba ta ciki da ta waje tana rage wannan. Idan waje kaɗai ke da ita, ɗauki siffar lanƙwasar a kan kwali kafin yanka, ka fitar da haƙarƙari biyu ko uku na katako da za ka manna a cikin murfin su riƙe shi. Ka ɗan ƙara musu lanƙwasa kaɗan fiye da ta rufin, don murfin zai ja su baya. Rufin da aka haɗa da falle biyu ko uku masu gaɓa a tsakiya ba ya cika yin wannan.

Buɗe tsaga da yanka

Gwada komai a kan ragowar filawud ɗin da ka shafa wa faiba, da kwana irin wadda ka zana. A nan za ka san ko bakin zartonka zai juya, da irin tsagar da zai bari. Minti goma ne.

Zaɓi wuri mafi miƙewa a layin, zai fi kyau inda ɗamara ko maɗauri zai rufe daga baya. Huda ramuka huɗu zuwa shida da bakin milimita 1.5, a jere, kusan suna taɓa juna, daidai a kan layi. Bakin diril yana zamewa a kan ifoksi, don haka ka fara ɗan tsira wurin da tsinin ƙusa. Haɗa ramukan da bakin wuƙa har su zama tsaga ɗaya da zarto zai shiga. Mai na'ura mai karkarwa ko faifan Dremel yana iya buɗe tsagar da su, ya jingina da miƙaƙƙen katako kada su yi yawo. Wasu kan nutsa jigso kai tsaye ta hanyar karkata shi a kan goshin tafinsa. A kan rufin milimita 4 ban yarda da wannan ba.

Ɗaure jirgin kada ya motsa, ka sa shi a tsayin da za ka kalli layi daga sama. A miƙaƙƙen wuri ka kwantar da zarton kaɗan, hakan na sa ya bi layi da kansa. Da ka shiga kwana ka tayar da shi tsaye, ka yi gajerun ja da siririn ƙarshensa, kana juyawa kaɗan-kaɗan a kowane ja. Kada ka murɗa shi yana tsaye cik, a nan yake karyewa. Riƙe bakin daidai da fuskar rufin a wurin da kake, wato yayin da ka gangaro gefe hannunka ma ya karkata tare da rufin. Ka riƙa hure ƙura ta gefe ko ka sa wani ya riƙe maka burushi, don layin da ba ka gani ba za ka bi shi ba.

Idan ka ga ka fita layi da kaɗan, kada ka koma baya ka sake sabuwar tsaga. Ci gaba, ka dawo a hankali cikin santimita uku ko huɗu. Tunda murfi da rami daga yanka ɗaya suka fito, za su dace da juna ko da layin ya ɗan yi ciki, ba kuma wanda zai lura. Tsaga biyu a wuri ɗaya ita ce ke barin giɓi.

Duk bayan tafin hannu guda da ka yanka, manna salatif a kan tsagar a bayanka, ya riƙe murfin daidai da rufi. In ba haka ba zai fara lotsawa ya matse zarto, a ƙarshe nauyinsa ya ɓalle ɗan abin da ya rage ya tsage ɓawon ciki. Wata dabarar ita ce ka tsallake gaɓoɓi uku ko huɗu masu faɗin milimita 5, ka ƙarasa su da wuƙa bayan an gama. Idan ka ji zarton ya yi nauyi, ko ka ji warin ƙuna, tsaya ka goge haƙoran ko ka sauya baki. Kada ka ƙara ƙarfi.

Bayan murfi ya fito

Jarabar da ke kama mutum a nan ita ce ya hau gefen da samfefa har ya yi kyau. Kowace gogewa tana ƙara tazara, daga ɓangare biyu kuma. Naɗe samfefa mai lamba 120 a kan ɗan katako don miƙaƙƙen wuri, a kan guntun bututu don kwana, ka cire gashin faiba da tudun da zarto ya bari, ka ɗan kashe kaifin gefen sama. Shi ke nan.

Yankakken gefen filawud shi ne inda ruwa ya fi shiga, domin bakin jijiyoyin itacen a buɗe suke. Shafa masa ifoksi sau biyu ko uku, a murfi da a rami, kana bari ya sha tsakanin kowace shafa. Wannan da fanish za su cike wani abu daga tazarar, don haka ka gwada murfin bayan kowace shafa. Abin da ake nema a ƙarshe shi ne tazara ta milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, daidai wa daida a zagaye. Idan ta gaza haka, yashi kaɗan zai maƙale murfin. A nan ne amfanin siririn zarto yake fitowa: tsagar da ta yi kaɗan samfefa na buɗe ta cikin minti biyar, wadda ta yi yawa kuwa sai dai a yi ta cikawa da ifoksi, kuma cikon yana nunawa a ƙarƙashin fanish.

Leɓe zobe biyu ne na filawud da ake mannawa daga ciki. Na farko mai ba da tazara ne, bakinsa daidai da bakin ramin. Na biyu yana ƙarƙashinsa, ya shigo ciki da kamar santimita 2, a kansa robar toshe ruwa za ta kwanta. Kaurin zoben farko ya zama daidai da kaurin robar bayan an danne ta, don haka sayi robar tukuna, mai soso wanda ba ya shan ruwa, ka matse ta tsakanin katako biyu ka auna. Zoben ba zai shiga ta ramin a dunƙule ba sai dai in ramin mai tsawo ne ka karkata shi. In ya ƙi, raba shi biyu, ka sa mahaɗar zoben sama da ta na ƙasa a wurare dabam-dabam. Za ka buƙaci abin matsewa da yawa, goma sha biyu ko fiye. In babu, yanka bututun ruwa na roba mai faɗin inci 3 ko 4 zobe-zobe, ka tsaga kowanne a gefe ɗaya, zai matse da kansa. Goge gam ɗin da ya tsatso kan leɓe tun yana ɗanye, domin in ya bushe a wannan lungu, fitar da shi aiki ne.

Sai ɗan ramin shan iska. Ma'ajin da ya toshe da kyau, idan ya sha rana iskar ciki tana kumbura ta tura murfi da katanga, idan kuma aka jefa jirgin a ruwa mai sanyi sai ta tsuke ta zuƙe murfin har ya ƙi buɗuwa. A ƙasa mai zafin rana abin ya fi tsanani. Huda rami ɗaya da bakin milimita 1 ko 1.5 a tsakiyar kowace katangar ciki, ka shafa wa bakinsa ifoksi da tsinken ashana, ka sake bi da siririyar waya kafin ya bushe don kada ya toshe.